Ragon Hajiya da Dogayen Lambobi

A Funtua idan ka ce kana neman Lawal, sai a tambaye ka wanne, don masu sunan sun kusa kai buhunan masara yawa. Amma ka ce Lawal Ɗigo, ko mai tallan goro ta bakin tasha sai ta nuna maka hanya, tana nunawa tana dariya. Ya samo laƙabin ne daga wani ɗan gajeren kwas na danna kwamfuta da ya je Kaduna. Ya tafi yana mutum kamar kowa, ya dawo da tabarau marar magani, da biro jere a aljihun gaba, da wata sabuwar cuta: ba ya iya faɗin lamba sai ya sa mata ɗigo. Ka tambaye shi ƙosai nawa ya ci, sai ya ce shida da ɗigo biyar, wai don ya gutsuri na bakwai ya jefa wa kaza sauran.

A injin Alhaji Ganiyu yake aiki, inda ake haɗa abincin dabbobi. Alhaji Ganiyu Bayarabe ne haifaffen garin, Hausar bakinsa ta fi ta wasunmu. Bayan an ba Katsina jiha da kaɗan ya sayo kwamfuta, ya ɗauko Ebele ta haɗa masa ita da injin. Ita ma Ebele a nan aka haife ta, ubanta na sayar da kayan gyaran keke, ta yi karatu a Zariya, kowa Injiniya yake ce mata. Abu uku ta jona wa kwamfutar. Akwai babban sikeli da ake zuba wa dusa da gurya har sai ya yi ƙara, alamar ya isa. Akwai 'yar na'urar da ke buga takardar da ake liƙa wa buhu. Sai wani ƙaramin akwatin ƙarfe can sama da tukunyar gauraya, shi ke sako kanwa da gishiri daidai gwargwado, ba mai ganin abin da yake yi. Aikin Lawal shi ne ya zauna gaban allo ya danna abin da Injiniya ta nuna masa. Amma in ka ji shi a majalisa da yamma, sai ka rantse shi ya ƙera ta.

Abin da ke cin ransa a lokacin, matarsa Asma'u ta tafi gida Tsiga haihuwar fari. Ta haifi namiji, an yi suna, arba'in ta zo ta wuce, amma babu ko alamar dawo da ita. Uwarta, Hajiya Hansai, ba ta taɓa yarda mutumin da ke wuni yana taɓa ƙarfe da ɗan yatsa sana'a yake yi ba. Ba ta faɗa masa, don kunya ba ta barin suruka ta dubi mijin 'yarta da magana. In ya je ya cire takalmi ya durƙusa a ƙofar ɗaki, iyakarta ta amsa daga bayan labule. Mai kai saƙo da kawowa ita ce Tsohuwa, kakar Asma'u, wadda babu kunya tsakaninta da shi sai wasa, wasan nata kuma da ƙaya. Lawal ya gaji da ɗaki shiru da tuwon saye. Ɗan nasa ma bai gama ganin kamanninsa ba, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Rannan ya kai gaisuwa, ya tarar da Tsohuwa a tsakar gida tana ba wani rago harawa. Balami ne fari sol, ya kusa ɗan maraƙi tsayi, Hajiya ke kiwonsa don gasar raguna ta bikin baje kolin noma da za a yi a Malumfashi. Bara wata Ladidi ta Maska ta kayar da ita, Hajiya kuwa ba ta da mantuwa.

"Tsohuwa, yaushe za a kawo mini iyalina?"

"Su wa? Mu nan ba mu san da kowa ba sai rago. Hajiya ta ce ba ta da sukunin haɗa kayan komawa sai an gama da Malumfashi."

"Ai ni na san abin da ya kayar da na bara."

"Faɗi mu ji, Malam Ɗigo."

"Ido! Da ido kuke auna abinci, alhali dabba lissafi take so. Ku bar mini cikinsa. In bai zo na ɗaya ba, a sake mini suna."

Tsohuwa ta ɗaga murya yadda na cikin ɗaki za su ji. "Kin ji, wai shi zai ciyo miki gasar!" Aka yi wata 'yar magana ƙasa-ƙasa a bayan labule. Tsohuwa ta juyo. "Ta ce ranar da rago ya ci, motar da ta dawo da shi ita za ta wuce da mai jego Funtua. In ya faɗi kuwa, kai ka sani."

Lawal ya hau babur ya dawo yana waƙa, har ya gai da jakin wani a hanya.

A makon ne Injiniya ta dawo daga Kaduna da wani faifan kwamfuta. Ta zauna tana yi wa Alhaji bayani, Lawal na gefe ya kasa kunne. Ta ce sabuwar uwar manhaja ce, wato wadda ke juya duk sauran ayyukan kwamfutar. Ta yanzu tana riƙe lambobi masu ɗigo a gajarce, da sun kai guda bakwai sai ta datse sauran. Sabuwar kuwa tana jan su har sha biyar.

"A sa mana yanzu!" in ji Lawal, wanda ba a tambaya ba.

"Ba yanzu ba, Malam Lawal. Sikeli da na'urar takarda da akwatin sama, duk da gajerun lambobi suka saba. Gajeriya gurbi huɗu take ci, doguwa takwas. Ka aika wa akwatin can doguwa, zai yanke ta biyu ya ɗauka lambobi biyu ne, ka ga sai ya zuba abin da ba ka ce ba. Bari in dawo daga bikin ƙanena, mu tsayar da aiki, mu gwada su ɗaya bayan ɗaya da yashi, mu auna abin da ya fito. Kafin nan kada a taɓa."

"To," in ji Lawal, irin to ɗin da ake ce wa likita in ya hana cin nama.

Injiniya ta sa faifan a aljihun tebur ta tafi biki. Alhaji shi ma ya tafi Gombe neman gurya, ya ce sai sun haɗu a Malumfashi. Aka bar kura da ajiyar nama.

A duk bayanin nan abu ɗaya Lawal ya ji, wato ana datse lambobi. Jajibirin bikin Malumfashi da sassafe ya kira Hussaini, wani ƙaton magidanci mai zuba dusa a sikeli.

"Hussaini, ashe shekara da shekaru ana danne haƙƙin dabbobi a bayan ɗigo! Abin da aka datse ɗin nan shi ne ƙiba. Yau zan sakar musu abinsu."

"Injiniya dai ta ce a bari."

"Injiniya karatun takarda ta yi. Ni a Kaduna malaminmu da kansa ya dafa kafaɗata."

"Ya ce mi?"

"Ya ce in matsa na baya ya gani. Amma dai ya dafa."

Ya zura faifai. Kwamfuta ta yi ƙugi, ta fara jero masa tambayoyi da Turanci: ya tabbata? An gwada tsofaffin na'urori? Lawal bai taɓa ce wa kwamfuta a'a ba, bai ga dalilin farawa ranar ba. Da ta gama, ya fita bakin titi ya tattaro mai shayi da mai faci da masu jiran mota, ya ce su zo su shaida gwaji. Ya raba ɗaya gida uku. Sai ga uku-uku sun jeru a allo kamar tururuwa.

"Da, guda bakwai take ba ni. Ku ƙirga yanzu!"

Suka ƙirga, suka sake ƙirgawa, aka yi kabbara.

"To su waɗannan ukun, ci ake yi?" in ji mai shayi.

"Kai dai tsaya a sukari, nan ba wurinka ba ne. Jama'a kun gani, gwaji ya kammala."

Da Lawal ya iya bakinsa, da abin ya tsaya a kan rago ɗaya. Amma tun kwanakin baya ya cika majalisa da labarin abincin dogon lissafi da zai haɗa wa surukarsa, wanda rago zai ci da yamma ya wayi gari bai iya shiga ƙofa ba. Zancen ya kai Maska, ya kai Bakori, ya zaga. Kafin hantsi duk mai ragon da zai shiga gasa ya turo ɗan aike da buhu, har da mijin Ladidi da kansa a kan keke.

"In ka ba kowa, ta ina na Hajiya zai fi?" in ji Hussaini.

"Nata zan ninka. Zuba dusa."

Hussaini ya zuba. Allurar sikeli ta kai inda ta saba tsayawa, amma ƙara shiru. Ita kwamfuta yanzu so take nauyin ya yi daidai da lambarta har ƙwaya ta sha biyar, shi kuwa tsohon sikeli bai san da wannan zance ba.

"Ƙara," in ji Lawal.

Ya ƙara.

"Ya yi yawa. Rage."

Ya rage.

"Ba da tafi ba, kai! Da yatsa biyu."

Ƙato guda ya durƙusa yana tsintar dusa da yatsa biyu. Daga nan aka koma tsinken tsintsiya, daga tsinke aka koma hurawa da baki. Ana cikin haka ƙuda ya sauka a kan dusar, Lawal ya daka tsawa kada kowa ya motsa, ƙudan ya kusa cika lissafi. Ƙuda ya tashi abinsa. Masu jira a waje suka fara leƙowa ta taga.

"Malam, abincin rago muka zo saye ko kallon ƙuda?"

"Ku yi haƙuri, injin ne ya zama mai gaskiya, ba ya karɓar kusan-kusan."

"To mu muna karɓa!"

Da ya ga rana na yi, sai ya lalubo maɓallin tsallakewa. Hussaini ya zuba, shi kuma ya kanne ido ɗaya ya dubi tarin, in ya ga kamar ya isa sai ya buɗe baki ya yi "Ƙiii!" irin na sikelin. Haka mutumin da ya ce ido ne ya kayar da ragon bara ya wuni yana auna abincin ragunan ƙasa guda da ido ɗaya.

Sai aka zo kan takarda. 'Yar na'urar ta saba buga lamba ta tsaya. Yau ta buga, lambar ta kai bakin takarda ba ta ƙare ba, ta sauko ƙasa ta ci gaba, ta rikice ta shiga zubo taurari da ƙugiyoyi. Takarda ta yi ta fitowa har ta sauko daga tebur ta nufi ƙofa. Wani zai tsorata, amma ba Lawal ba. Ya yage ta ya naɗe wa buhun farko a wuya kamar rawani.

"Wannan fa?" in ji mijin Ladidi.

"Cikakken bayani ke nan. Da ɓoye muku ake yi."

Mutumin ya shafa takardar da girmamawa, ya ce a ƙara wa nasa tsawo. Nan take rigima ta tashi, kowa na cewa naɗin wane ya fi nasa.

Can sama kuwa akwatin ƙarfe na nasa aikin. Da, in ya buɗe, ɗan "shap" za ka ji ya rufe. Yau ya buɗe ya kama "shaaa" kamar ana juye yashi daga tifa, jar fitilarsa na ƙiftawa, yana wani kuka siriri.

"Lawal, akwatin nan yau ya daɗe yana zuba," in ji Hussaini.

"Haƙƙin da aka danne yake fitarwa."

"Kukan fa?"

"Murna ce."

Kukan ya ishe shi, ya hau tsani ya cusa masa auduga, ya kifa hularsa a kan fitilar. Kafin azahar kanwar da ake wata ana amfani da ita ta ƙare, gishiri ya bi bayanta, aka aika kasuwa aka ƙaro. Hussaini ya ce ko a ɗan ba akuyar mai faci a ga yadda za ta kwana. Lawal ya ce goben ai biki ne, kuma ilimi ba ya jiran akuya. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, masu iya magana ba su yi ƙarya ba.

Da la'asar ya ɗaure buhun Hajiya a bayan babur, mai naɗi biyu, ya nufi Tsiga. Rago ya sansana, ya ji gishiri, ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya lashe ƙwarya. Aka ƙara, ya cinye. Daga nan ya waiwayi ruwa. Ya shanye bokiti, aka kawo wani, ya shanye, ya bi mai ɗebo ruwa har bakin randa. Cikinsa ya fara tasowa a kan idon kowa.

Lawal ya cire takalmi ya durƙusa a ƙofar ɗaki. "Hajiya, ina fatan abincin ya yi?"

"Lafiya lau. An gode, Allah ya yi albarka," in ji labule.

Wannan amsa, ko da ragon a kwance yake an juya shi gabas, ita Hajiya za ta ba mijin 'yarta, don ba ta da wata. Duk ɗan ƙasar nan ya san haka. Amma Lawal ya miƙe yana washe baki, ya ce gwaji na biyu ma ya yi, mai rago da bakinta ta tabbatar.

"Tabbatar da mi?" in ji Tsohuwa. "Dabba ta shanye ruwan gida har da na wankan jego!"

"Ƙiba ce ke gyara wurin zama. Ki ce wa Asma'u ta ɗaure kayanta."

Washegari filin Malumfashi ya cika. Ga rumfar masara, ga ta auduga, ga masu kunu da tsire, ga lasifika na ta amo. A gefe guda an jere ragunan gasa, kowanne ciki ya yi tim kamar ganga, sun yi tsit, idanu sun fito. Mutane na wucewa suna tasbihi, ba a taɓa ganin raguna irin na bana ba. Na Hajiya ya fi kowanne, har tafiya da ƙyar yake yi. Ita tana rumfar mata ta ja mayafi, Ladidi na can gefe suna satar kallon juna. Lawal ya sha babbar riga mai aiki, ya riƙe igiyar ragon da kansa. Alhaji Ganiyu ya iso daga Gombe ya tarar ana ta yi masa barka, shi ma ya shiga amsawa, bai san hawa ba bai san sauka ba.

Mai sanarwa ya ce a kira wanda ya haɗa abincin ya yi wa manoma bayani. Ba a gama rufe baki ba Lawal ya karɓe abin magana.

"Jama'a, zamanin kusan-kusan ya wuce! Abin da kuke gani a cikin dabbobin nan ba dusa ba ce, lamba ce. Da guda bakwai suke ci, ni na kai su sha biyar. Baɗi in Allah ya kai mu zan kai su talatin, sai dai a yi wa rago ƙofa irin ta gareji!"

Aka tafa. Daidai nan Injiniya ta sauko daga mota, daga biki ta zarce don ta taya Alhaji tsaron rumfar injinsa. Idonta ya faɗa kan wani buhu mai naɗin takarda. Ta warware, ta ga taurari da ƙugiyoyi. Ta sa hannu a buhun ta taɓa a harshe, ta tofar. Ta cire takalmanta masu tsini ta sheƙa da gudu tana ɗaga hannu, amma tafi ya hana a ji ta.

Alƙalin gasa likitan dabbobi ne, dattijo mai farar riga ta aiki. Aka hau da ragon Hajiya kan sikeli, allura ta wuce inda ba ta taɓa zuwa ba, fili ya ɗauki sowa. Likita ya zagaya ta baya, ya durƙusa, ya sa hannu biyu ya danna cikin don ya ji ko nama ne.

Cikin ya yi wani ƙugi irin na hadarin gabas. Rago ya ɗaga wutsiya.

Ba zan ɓata muku baki da bayani ba, kowa ya san aikin kanwa in ta yi yawa. Abin da zan ce kawai, farar rigar likita ba ta ƙara komawa aiki ba. Kuma kamar jira suke a ba su izini, na Ladidi ya amsa, na Bakori ya karɓa, layi guda ya ɗauka daga wannan kai zuwa wancan. Masu kujerun gaba suka tattare riguna suka haye kan kujeru. Mai tsire ya ɗauke tirensa a kai ya yi gabas.

Shi kuwa sikeli, ragon na kai, allura sai dawowa take yi a hankali. Magatakarda ya riƙe biro ya rasa ta yi.

"Ranka ya daɗe, wanne zan rubuta? Ba ta tsaya ba!"

"Ku tambayi Lawal," wani ya ƙwala daga cikin taro, "ya sa mata ɗigo!"

Lawal bai saki abin magana ba. "Jama'a ku kwantar da hankali! Tsofaffin lambobi ne ke fita don sababbi su sami wuri. Haka tsarin yake, a Kaduna ma..."

Bai kai ƙarshe ba. Ragon ya hango garwar mai kunu, ƙishirwar gishiri ta taso masa, ya yi tsalle daga sikeli. Igiya kuwa na naɗe a hannun Lawal. Ƙasar wurin ta riga ta zama abin da ta zama, santsi ya kwashe shi, rago ya ja shi a kan babbar riga tun daga gaban alƙali har rumfar mata, lasifika na watsa salatinsa ga duk Malumfashi. Inda igiyar ta kuɓuce, nan ya tsaya, a kwance, daidai gaban ƙafafun Hajiya Hansai. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Har yau ana gardama ko kunya ce ko dariya.

Gasar dai wani ɗan ƙaramin rago daga Gozaki ya cinye ta, wanda mai shi ya zo injin a makare ya tarar abinci ya ƙare, ya koma yana zagin sa'arsa. Shi kaɗai ya rage a tsaye da mutuncinsa. Da aka kira sunan mai shi, sai da ya waiwaya ya ga ko da wani ake.

Injiniya ta iso tana haki, Alhaji na bayanta riƙe da hula a hannu.

"Malam Lawal, ka sa faifan?"

"Na sa."

"Ka gwada?"

"Na raba ɗaya gida uku."

"Akwatin sama fa?"

"Shi ai... murna ya yi ta yi."

"Murnar uwaka!" in ji Alhaji, sannan ya tuna a gaban mata yake, ya yi istigfari.

Injiniya ta duba ragunan tare da likita, suka ce babu wanda zai mutu, a dai ba su ruwa da harawa, amma ƙibar wata da watanni ta bi ƙasa. Ta juyo kan Lawal. "Allo zai nuna maka abin da kake so ka gani. Duk abin da aka canza, sai an fara gwada shi a kan abin da ba za a yi kuka ba in ya lalace, kafin a damƙa masa abin da ake ji da shi."

Tsohuwa na gefe tana gyaɗa kai, kamar mai sauraron wa'azi.

Lawal ya ja jiki ya durƙusa, ƙudaje na yi masa rakiya. Wannan karon babu ɗigo a maganarsa. "Tsohuwa, ki gaya wa Hajiya na tuba. Wallahi na canza. Daga yau ni wani mutum ne. A taimake ni da iyalina."

"Ka canza?"

"Na canza."

Tsohuwa ta sunkuya, aka yi ƙus-ƙus a ƙarƙashin mayafi. Ta ɗago. "Ta ce ka je ka share gida. Mota na nan zuwa jibi."

Da jin haka ciwon jiki ya bar shi. Injiniya ta mayar da tsohon faifai, Alhaji ya ce daga yau Lawal ya koma zuba dusa tare da Hussaini, amma duk bai dame shi ba. Ya share gida, ya shafe ɗaki da farar ƙasa, ya sayo sabuwar tabarma. Bakin nan dai bai mutu ba, don kafin jibin duk unguwa ta ji cewa surukarsa ta gane darajarsa, ta ce kuskuren na'ura ne. Matan maƙwabta suka taru a ƙofar gida da shirin guɗa, mai shayi da mai faci suka rufe sana'a suka zo tarya.

Da hantsi a-kori-kura ta tsaya. Aka rangaɗa guɗa. Tsohuwa ta sauko daga gaba da ƙullin kayanta. Lawal ya leƙa bayanta, babu kowa. Direba ya zagaya ya buɗe baya, sai ga Balami ya sauko, haƙarƙari a waje, fata na lilo, yana duban Lawal da idon sani. Guɗar ta tsaya a tsakiya.

"Tsohuwa, ina... ina mai jego?"

"Tana Tsiga. Ba kai ka ce ka canza ba? To Hajiya ta ce ita ma ta ji karatun Injiniya. Abin da aka canza, ba a damƙa mishi abin da ake ji da shi sai an gwada. Ga na gwaji nan. Ranar da ya mai da jikinshi a hannunka, a kawo maka mata da ɗa. Ni aka turo in sa ido, a ɗakin da ka shafe zan zauna."

Mai shayi ya zauna a ƙasa don dariya. Lawal ya tsaya riƙe da igiya, ya dubi sabuwar tabarma, ya dubi rago, idonsa ya kawo ruwa. Tsohuwa ta matso ta rage murya.

"Ita kuma Asma'u ta ce in gaya maka, ita ma ta gaji da Tsiga. Ta ce don Allah don Annabi, ka auna mishi da ido."

Lawal ya buɗe baki zai yi bayani. Rago ya ɗaga wutsiya, 'yan tarya suka watse, shi kuma ya rufe bakinsa ya shiga gida neman tsintsiya.